Abin Da Auta Ke Iya Haɗiya

Duk layin Yaya ake kiranta, har waɗanda suka yi jika da ita. Sunan ya bi ta ne tun tana budurwa, lokacin da mahaifiyarsu ta rasu ta bar mata ƙanne biyu: mace mai bi mata, wadda daga baya ta zama malamar makaranta, da Auta, wanda ko yaye shi ba a gama ba. Babansu ma'aikacin masaƙa ne, mutum mai ƙarancin magana, ya fita da sassafe ya dawo da yamma da ɓurɓushin auduga a gashin girarsa. Ɗaki biyu gare su a saman wani tsohon bene na ma'aikata, da ɗan kicin da idan mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Ba wanda ya ce wa Yaya ta bar makaranta. Ita ta duba ta ga babu mai riƙe gidan, ta ninke kayan makarantarta ta sa a ƙasan akwati.

Girki dai ta iya tun uwarta na raye, amma Auta ya ƙi ci. Ya rufe baki gam, ya riƙa leƙen bayan ƙofa yana neman wadda ba za ta shigo ba. Ta yi lallashi, ta yi goyo, ta yi waƙa, yaro sai ramewa yake, wuya ya zama kamar na kaza. Wata rana ta tarar da sauran burodin jiya ya bushe, ga ayaba ta nuna har ta yi baƙi, kuma ba gidan da ake zubar da abinci ba ne. Ta yayyanka burodin ta jiƙa a madara, ta fasa ƙwai, ta dame ayabar a ciki da ɗan sukari, ta juye a ƙaramin kwano ta ɗora shi cikin tukunya mai ruwa ta rufe. Da ya huce ta kai wa Auta cokali ɗaya ba tare da ta sa rai ba. Ya karɓa, ya tauna, ya sake buɗe baki. Yaya ta juya masa baya don kada ya ga fuskarta, ta share ido da gefen zane, sannan ta ci gaba da ba shi.

Daga ranar gidan ya sami doka. Wanda ya cinye abincinsa, shi ke da rabo a abin da zai biyo baya. Ba su san wani suna da za su kira shi ba, sai suka riƙa cewa "na baya". Auta ya fara magana da wannan tambayar a bakinsa, ko yau akwai na baya. Ba kullum ake samu ba. Amma ko lemu ɗaya ne ya shigo gidan, Yaya ba ta miƙa shi haka nan. Sai ta raba shi biyu, ta ƙwaƙule cikin, ta cire 'ya'yan da zaren, ta gauraya da gwanda ko kankana, ta mayar cikin ɓawon ya zama kwano. Ba ta kawo shi sai an kwashe kwanukan abinci, an goge tebur, kowa ya wanke hannu. Cewa take abu mai zaƙi ba ya son warin miya kusa da shi, kuma ɗan kaɗan a ƙaramin mazubi ya fi kwano cike daɗin ci. Baba ba ya yabo. Zai ci nasa a hankali, ya kankare ƙasan kofin da cokali, ya ce Allah ya yi albarka, ya tashi. Wannan ya ishe ta.

Ba su da obin, don haka ta koyi zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ta bari ya yi zafi, ta ɗora gwangwanin kek a kai. Ta ƙona da yawa kafin ta gane wutar. Ta gano da kanta cewa ɗan gishiri kamar na kan yatsa yana tayar da zaƙi, cewa ɓawon lemun tsami idan aka goga shi a cikin madara yana kashe ƙarnin ƙwai, cewa sukari idan ya narke a kasko ya yi ja, tsakaninsa da ɗaci ƙiftawar ido ce. Abin da ya fi suna a hannunta shi ne madara da ƙwai da take turarawa a cikin kofunan shayi, da ƙonannen sukari a ƙasa. Idan ya yi sanyi ta kife kofin a faranti, ya fito yana rawa, ruwan sukarin na gangarowa ta gefe.

Da ƙannen suka tasa, ta sami aiki a wani shagon ɗinkin kayan makaranta, dogon ɗaki mai kekuna a jere da fanka ɗaya da ke juya zafi daga wannan bango zuwa wancan. Aikinta sa maɓalli da yin ramin maɓalli, daga safe har la'asar. Masu neman aure sun zo, ta ce su dakata ƙanwarta ta gama karatu. Ƙanwar ta gama, ta yi aure, sai kuma Baba ya kwanta ciwo, ta yi jinyarsa har rai ya yi halinsa. Lokacin da ta waiwayi kanta, furfura ta fara leƙowa.

Wanda ya jira shi ne mai askin da shagonsa ke kallon ƙofar shagon ɗinkin. Mutum ne mai barkwanci, gajere, mai sanƙo, wanda abokan cinikinsa ke tsokana da cewa ya aske nasa ne don talla. Matarsa ta fari ta rasu tun da daɗewa. Bai yi wa Yaya dogon zance ba. Ya ce mata ya ji labarin duk wanda ke ƙarƙashinta ba ya kwana da ɗacin baki, shi ma yana neman a sa shi a layin ƙanne. Ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Suka yi aure, ya tare da ita a gidansa na ƙasa mai ɗan fili a baya, ya saya mata firji da obin ƙarami. Allah bai ba su haihuwa ba. Idan an taɓo maganar, Yaya takan ce ita ta yi nata renon tun da wuri.

Auta kuwa ya zama direban babbar mota, dogo, mai faɗin kafaɗa, mai murya kamar ana buga ganga. Tun daga bakin layi ake jin sallamarsa. Ya yi sati biyu ko uku a hanya, ya dawo da kwandon abarba ko buhun lemu a kafaɗa, ya dire a kicin ɗin Yaya ya ce ga kayan aiki, saura aiki. Yana ci yana santi, yana ba mai aski labarin hanya, rabi gaskiya rabi ƙari. Da ya tashi aure ya kawo wata yarinya siririya mai sanyin hali, da ke aiki a kantin sayar da takalma. Yaya ta karɓe ta hannu biyu, ta riƙa kiranta Amarya har sunan ya zauna. Ba su taɓa yin ka-ce-na-ce ba, sai dai akwai wata 'yar tazara a tsakaninsu. Amarya na jin nauyin Yaya kamar suruka, ba ta sakin jiki a gabanta. Yaya kuma, ba da nufi ba, idan sun zo cin abinci ita ke zuba wa Auta, ita ke sanin ya ƙoshi ko bai ƙoshi ba, Amarya na gefe da hannuwa a cinya.

Ciwon ya fara ne da dishewar murya. Auta ya ce sanyin hanya ne, ya sha citta da zuma, ya ci gaba da tuƙi. Muryar ba ta dawo ba. Sai haɗiya ta fara yi masa wuya, nama ya gagara, daga baya shinkafa ma sai da ruwa. Ranar da ya zo gidan Yaya ya tura farantinsa gefe da abinci a ciki, yana murmushi wai ya ci a hanya, Yaya ta ƙura masa ido. Ta lura agogonsa ya sauko har bayan hannu saboda rama. Washegari ita da Amarya suka tasa shi gaba zuwa asibiti.

Likita ya yi gwaje-gwaje, ya kira su ya yi musu bayani a tsanake. Ƙari ne a maƙogwaro, kuma ya yi nisa. Za a yi abin da za a iya, a rage masa raɗaɗi, a ƙara masa kwana idan Allah ya so. Ya ce babban yaƙin yanzu shi ne abinci: duk abin da zai iya wucewa, mai taushi, mai sanyi, mai gina jiki, a ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa. Amarya ta sunkuyar da kai tana hawaye. Yaya ba ta yi kuka a nan ba. Tambayar likitan ta yi ko ƙwai da madara ba za su cutar da shi ba, ya ce su ne ma ake nema.

Ta ajiye aikin shago. Gidan Auta ɗaki ne da falo a bayan wata tashar mota, kicin ɗinsa na kallon katangar maƙwabta. Kullum da hantsi Yaya na can da jakarta, da mataci da kofuna da ƙaramin kaskonta. Duk abin da ta koya a rayuwa ta zazzage shi a wannan kicin. Ta daskarar da ayaba a firji ta niƙe ta da madara har ta yi laushi kamar kirim. Ta dafa tuffa ta tace. Ta matse kankana ta zuba a ƙananan mazubai ta yi ƙanƙara da zai riƙa tsotsa idan maƙogwaron ya yi zafi. Lemu da abarba da yake so ta daina kawowa, don tsaminsu na yi masa zugi. Ta rage sukari saboda magani ya sa komai na yi masa zaƙi fiye da kima. Ko cokalin da zai ci da shi sai ta sa a firji ya yi sanyi. Kuma ba ta yarda a kai masa abu a kofin magani ko a tsakanin kwalaben asibiti ba. Sai an kwashe su daga kan ɗan teburin, an shimfiɗa tsumma mai tsabta, an ɗaga shi zaune an gyara masa filo.

Abin da ya fi karɓa shi ne madara da ƙwan nan na kofi. Yana sulɓewa ba sai an tauna ba. Yaya ta zauna a bakin gado ta riƙa ba shi, yana haɗiya da ƙyar, yana ɗaga mata babban yatsa. Muryarsa ta koma raɗa, sai an kai kunne kusa.

Amarya na yin duk sauran aikin. Ita ke wanki, ita ke goge shi, ita ke zuwa karɓo magani, ita ke juya shi idan bayansa ya gaji. Amma lokacin ci, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta jingina da bango tana kallo. Abin da ta dafa da kanta, miya ko romo, yakan dawo kicin kamar yadda ya tafi. Yaya ba ta ga wannan ba, idonta na kan cokali. Mai aski ne ya gani, wata rana da ya zo yi wa Auta gyaran fuska. A hanyarsu ta komawa gida ya ce mata yarinyar nan tana ba shi tausayi. Ya ce mijinta ne ke tafiya a gaban idonta, kuma abu ɗaya da ya rage yana jin daɗinsa a duniya ba ta hannunta yake fitowa ba.

Maganar ta yi wa Yaya zafi. Ta ce ita ta rene shi, ita ta san bakinsa, yanzu ba lokacin koyon girki ba ne. Mai aski bai ja da ita ba, ya ce haka ne. Ta kwana biyu tana juya maganar a ranta, tana jin haushinsa, tana kuma kallon Amarya da sabon ido. Ta ga yadda take wanke kofunan bayan an gama, a hankali, tana shafa su kamar masu rai.

Rana ta uku, da ta shiga kicin, ba ta ɗaura zanen aikinta ba. Ta jawo kujera ta zauna, ta kira Amarya.

"Yau hannuna ciwo yake. Zo ki fasa ƙwan nan."

Amarya ta dube ta, ta dubi hannun, ta gane. Ta wanke hannu ta zo. Yaya ta riƙa faɗa mata daga zaune: kada ta buga ƙwan har ya yi kumfa, motsawa kawai, madarar ta yi ɗumi, kada ta tafasa, ta tace haɗin sau biyu, ta naɗe murfin tukunyar da tsumma don kada gumi ya ɗiga a kai. Wajen sukari Amarya ta sauke shi da wuri, ya fito fari-fari. Wajen turarawa kuma wutar ta yi yawa, ruwan ya tafasa da ƙarfi. Yaya na jin ƙarar kofunan na bugun gindin tukunya, jikinta har tsuma yake ta tashi ta rage wutar, amma ta danne, ta faɗa da baki kawai. Da ya huce aka kife, ya fito da ramuka kamar soso, gefe ɗaya ya zube. Amarya ta roƙa a zubar Yaya ta sake yin wani, amma Yaya ta ƙi.

"Ba za a zubar ba. Ɗauki ki kai masa. Ni ina nan, zan wanke tukunya."

Ta tsaya a gaban famfo ta buɗe ruwa, ta daɗe tana wanke tukunyar da ba ta da wani datti. Daga ɗakin ba ta jin komai sai ƙarar cokali jefi-jefi. Can Amarya ta fito da faranti babu komai a kai, idanunta jawur, tana dariya tana kuka. Ta ce ya cinye. Ta ce ya jawo kunnenta ya tambaya wa ya yi, da ta ce ita ce, ya ce ai ya sani, na Yaya ba ya da tagogi.

Yaya ta yi dariya har ta dafa bango, daga nan dariyar ta juye. Karo na farko ke nan da ta yi kuka tun daga ofishin likita. Amarya ta ajiye farantin ta rungume ta, suka tsaya haka a ɗan kicin ɗin, famfo na zuba.

Daga ranar Amarya ke yi, Amarya ke kaiwa. Hannunta ya faɗa a hankali, ramukan suka ragu har suka ɓace. Ta ma fito da nata, ta riƙa sa ɗan kirfa a madarar, Auta ya nuna ya fi son haka, Yaya ta ce ita ba ta taɓa tunanin sa ba. Yaya ta koma wanki da guga da karɓar masu dubiya. Takan shiga ta zauna kusa da shi ta riƙe masa hannu. Wata rana da la'asar ya yi mata alama ta matso, ya raɗa mata cewa ta yafe masa wahalar da ya ba ta, ta farko da ta ƙarshe. Ta ce masa ya daina wannan magana, ba ta san wata wahala ba. Ya ce ta riƙe Amarya. Ta ce ta riƙe.

A kwanakin ƙarshe ko cokali ɗaya ba ya wucewa. Sai ɗan ƙanƙarar kankana da Amarya ke goga masa a leɓe. Ya cika da safe, rana ta ɗan ɗaga, motoci na ta hon a tasha, matarsa na gefe ɗaya, yayyensa biyu na ɗaya gefen.

Bayan rasuwar Yaya ta daɗe ba ta kunna obin ba. Ta koma shagon ɗinki, ta dawo ta yi girkin da ya zama dole, ta kwanta. Mai aski bai taɓa tambayar komai ba, sai dai ya sayo mangwaro ya yanka da kansa, yanka irin na wanda bai iya ba, ya ajiye mata a gefe. Amarya ta koma gidan iyayenta, amma duk ranar hutunta tana gidan Yaya. Ita ce ta fara jawo ta kicin, da dabara. Yau ta ce kek ɗinta ya ƙi tashi, a duba mata. Gobe ta ce abokiyar aikinta ta haihu, tana son kai mata wani abu, ba ta san me ya dace ba. Yaya ta gane dabarar sarai, don ita ta koya mata irinta, amma ta biye mata.

Shekaru suka shuɗe. Idon Yaya ya raunana, ramin maɓalli ya gagare ta, ta bar shago gaba ɗaya. Wata rana Amarya ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ta daɗe tana wasa da bakin tabarma, sannan ta ce akwai wani da ke nemanta, mai gyaran lantarki ne, iyayenta sun amince, amma ita ba ta ba shi amsa ba sai ta ji daga bakin Yaya. Yaya ta dafa kafaɗarta. Sannan ta tambaya ko yana da haƙuri, ko yana da fara'a, ko ya san labarin Auta. Amarya ta ce ya sani, kuma bai taɓa hana ta ambatonsa ba.

"To ki kawo shi ya ci abinci a nan. Ba a gane mutum sai a gaban faranti."

Ya zo ran hutu da rana, dogon mutum mai kunya, ya durƙusa ya gaida su, ya ƙi zama a kujera sai da mai aski ya rantse. Aka ci abinci, aka kwashe, aka goge tebur. Yaya ta yi gasasshiyar abarba da zuma, da ɗan kirim mai sanyi a gefe, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Baƙon ya ci a natse, bai yi surutu ba. Da ya ga mai aski ya gama nasa yana leƙen na mutane, ya raba sauran nasa biyu ya tura masa rabi. Da zai tafi ya lura fitilar kicin na ƙyaftawa, ya nemi izini ya hau kujera ya gyara.

Bayan baƙon da Amarya sun fita, mai aski ya tambaye ta me ta gani. Yaya na tattara faranta, ta ce ba shi da gaggawa, kuma yana duba na kusa da shi. Ta ce gobe za ta aika wa Amarya ta ba shi amsa. Sannan ta ce wa mai aski ya taso ya riƙe mata tiren, hannunta ba ya ɗaukar nauyi kamar da.